Aikin enzayim masu yanka furotin a tsarin otofaji: amsa ga wata ɗaliba a Samaru

Tambaya: Malam, ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadaran jikin halittu a nan Samaru. Na zuba ruwan da na tatso daga ɓawon wata bishiya a kan ƙwayoyin halittar da muke reno a ɗakin gwaji, sai na ga furotin LC3-II, wanda ake aunawa a matsayin alamar otofaji, ya ƙaru sosai, har na fara rubutawa a kundina cewa tsiron yana ƙarfafa otofaji, wato tsarin da ƙwaya ke narkar da tsofaffin kayan cikinta. Wani abokin karatuna ya ce kada in yi gaggawa, wai mai yiwuwa furotis, wato enzayim masu yanka furotin, su ne suka tsaya. Ni kuwa a iya sanina, aikin furotis narkar da shara ne kawai a ƙarshen tafiya. Wane aiki suke yi takamaimai, kuma wa ya fi gaskiya a tsakaninmu?

Amsa: 'Yata, abokin karatunki ya ba ki shawara mai kyau, kuma ina ganin ki ajiye wancan sashe na kundinki har sai kin yi ƙarin gwajin da zan bayyana miki. Mai yiwuwa ne tsiron naki ya ƙarfafa otofaji da gaske, amma ƙaruwar LC3-II ita kaɗai ba ta isa hujja ba, domin abubuwa biyu masu karo da juna, wato ƙaruwar naɗe kaya da toshewar narkarwa, suna haifar da ita, kuma ba a iya rarrabe su sai an san wuraren da furotis ke shiga cikin wannan aiki. Wuraren sun fi ɗaya. Furotis ne ke share fage tun kafin a naɗe komai, furotis ne ke kammala aikin a cikin laisosom, wato jakar narkarwa ta ƙwaya, sannan akwai wasu a gefe waɗanda ke iya datse aikin gaba ɗaya su tura ƙwayar ga mutuwa.

Otofaji shi ne hanyar da ƙwayar halitta ke bi ta naɗe wani sashe na kayan cikinta, kamar furotin da suka dunƙule ko maitokondiriya (sashen da ke samar wa ƙwaya makamashi) da ta lalace ko ƙwayar cuta da ta kutsa, a cikin wata jaka mai tantani biyu da ake kira otofagosom, sannan jakar ta haɗe da laisosom a narkar da abin da ke ciki. Jikin baligi yana ƙera furotin da ya kai gram 200 zuwa 300 a kowace rana, alhali abin da yake samu daga abinci bai kai rabin haka ba, don haka yawancin amino asid ɗin da ake ginin da su daga rushe tsofaffin furotin suke fitowa. Maginan cikin birnin Zazzau sun san irin wannan aiki: idan katangar ƙasa ta tsufa, ba a kwashe ta a zubar, farfasa ta ake yi a jiƙa a cuɗa a buga sabon tubali, kuma muddin ba a farfasa ta ba, tara ta a wuri guda bai ƙara wa gidan komai ba. Akwai wata hanyar rushe furotin da ake kira furotiyasom, wadda Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose suka samu lambar yabo ta Nobel a 2004 saboda gano tsarin da ke kai mata kaya, amma ita furotin ɗai-ɗai take karɓa bayan an warware shi, ba ta iya haɗiye dunƙule ko sashen ƙwaya sukutum. Manyan kaya na otofaji ne.

Tarihin gano tsarin shi kansa yana goyon bayan abokin naki. Christian de Duve, masani ɗan ƙasar Beljiyam, ya gano laisosom a 1955 lokacin da yake nazarin hantar ɓera a Jami'ar Louvain, inda ya lura cewa wasu enzayim masu narkarwa a kulle suke cikin 'yan jakunkuna, ƙarfinsu ba ya bayyana sai tantanin da ya rufe su ya fashe. Shi ya raɗa wa otofaji suna a 1963, kuma ya samu lambar Nobel a 1974 tare da Albert Claude da George Palade. Daga 1963 aka shafe kusan shekara talatin ana ganin jakunkunan a hotunan madubin lantarki ba tare da sanin ƙwayoyin gadon da ke sarrafa su ba. Wanda ya warware ƙullin shi ne Yoshinori Ohsumi na ƙasar Japan, kuma dabararsa a kan furotis ta dogara kacokan. Ya yi tunanin cewa idan har yisti yana yin otofaji, abin da ya sa ba a ganin komai a cikin babbar jakarsa ta narkarwa shi ne ana cinye kayan da zarar sun iso. Saboda haka ya samo yistin da ya rasa manyan furotis uku na wannan jaka, wato furotines A da furotines B da kaboksifeftides Y, ya hana shi abinci, ya duba shi da madubin ɗakin gwaji na yau da kullum. Bayan kimanin awa guda 'yan dunƙuloli suka fara bayyana, bayan awa uku kuwa sun cika jakar maƙil suna ta motsi. An buga wannan aiki a 1992. A 1993 shi da Miki Tsukada suka yi amfani da wannan alama suka tsamo ƙwayoyin gado 15 da otofaji ba ya yiwuwa sai da su, kuma a 2016 aka ba shi lambar Nobel.

Ki tsaya a kan wannan gwaji ki dube shi da kyau, domin hoton matsalarki ne. Yistin da ke da furotis ɗinsa cikakku yana yin otofaji a cikin yunwa kamar yadda wancan ke yi, amma jakarsa fayau ake ganinta. Tarin da Ohsumi ya gani ya faru ne saboda mafita ta toshe. Duk wanda ya ƙidaya jakunkuna kawai zai ce yistin da ya rasa furotis ya fi ɗan'uwansa otofaji, alhali shi ne wanda aikin bai kammala a cikinsa ba ko kaɗan.

Yanzu mu koma farkon aikin, inda ba ki zaci akwai furotis ba. Furotin LC3 da kika auna, wanda takwaransa a yisti ake kira Atg8, ba a ƙera shi a shirye. Ana ƙera shi da wata 'yar jela a ƙarshensa wadda ta rufe amino asid ɗin gilaisin da ake buƙata. A yisti jelar amino asid ɗaya ce, ajinin na 117, a LC3B na ɗan Adam kuwa guda biyar ne a bayan gilaisin na 120. Mai yanke wannan jela shi ne ATG4, furotis ne mai yanka da amino asid ɗin sistein, kuma siffarsa ta yi kama da ta fafen, enzayim ɗin da ke cikin farin ruwan ɗanyar gwanda. Da zarar an yanke jelar, an samu abin da muke kira LC3-I. Daga nan ATG7 ya karɓe shi ya miƙa wa ATG3, sannan da taimakon haɗakar ATG12 da ATG5 da ATG16L1 a ɗaure gilaisin ɗin da wani kitse na tantani mai suna PE. Wannan ɗaurarren shi ne LC3-II, shi ke zaune a fuskokin jakar biyu, yana taimaka mata ta faɗaɗa ta rufe, kuma shi ne maƙalin da furotin masu dakon kaya irin su p62 ke kamawa su jawo abin da za a narkar. Idan babu yankan farko, babu ɗauri. Masu bincike a Japan sun nuna cewa idan aka cika ƙwaya da ATG4B wanda aka lalata wa sistein na 74, wanda shi ne kaifinsa, sai ya riƙe LC3 ya ƙi saki, jakunkuna su taru a buɗe ba su rufe ba.

ATG4 yana da aiki na biyu wanda ya fi shafar abin da kika gani, domin shi ne kuma ke yanke LC3 daga jikin kitsen ya mayar da shi cikin ruwan ƙwaya a sake amfani da shi. Enzayim guda ke nan yake shirya ɗauri kuma yake kwancewa, saboda haka dole a riƙa danne shi a daidai wurin da ake gina jaka, in ba haka ba zai riƙa kwance abin da ake ɗaurawa. Ɗaya daga cikin hanyoyin danne shi ita ce haidurojin farokzayid da ƙwaya ke fitarwa a lokacin yunwa, wanda ke taɓa wani sistein kusa da kaifin enzayim ɗin ya rage masa ƙarfi na ɗan lokaci, kamar yadda aka nuna a 2007. Ma'anar wannan a wurinki ita ce, sinadarin da ya hana ATG4 kwancewa zai iya ɗaga LC3-II ba tare da an narkar da ƙarin komai ba. Ɗan Adam yana da ATG4 iri huɗu, A da B da C da D, kuma B ya fi sauran faɗin aiki. Ɓerayen da aka cire wa ATG4B suna rayuwa, domin sauran suna ɗan cike gurbinsa, sai dai da yawansu ba sa iya daidaita tsayuwa saboda 'yan duwatsun cikin kunne da ke kula da hakan ba sa ginuwa yadda ya kamata.

Babban aikin narkarwa kuwa a laisosom yake, kuma a nan ne sanin da kike da shi ya yi daidai, sai dai yana buƙatar zurfafawa. Laisosom yana ɗauke da enzayim masu narkarwa kimanin 60, masu yanka kitse da sukari da sinadaran gado da furotin. Masu yanka furotin yawancinsu katefsin ake kiransu. Guda 11 daga cikinsu da sistein suke yanka, waɗanda suka haɗa da B da L da H da K da S, kuma dangin fafen ne na jini. D da E da asfatik asid suke yanka, kamar fefsin na cikin tumbi. A da G kuwa da serin. Ba aiki ɗaya suke yi ba. Katefsin D da L suna sara a tsakiyar furotin su mayar da shi gutsattsari, H yana gutsura daga kan farko, C yana cire amino asid bibbiyu daga wannan kan, B yana iya sara a tsakiya kuma yana cire bibbiyu daga ƙarshe, har a kai ga amino asid ɗai-ɗai waɗanda ƙofofin tantanin laisosom ke fitarwa. Tantanin ciki na otofagosom ma, tare da LC3-II da ke manne da shi da p62 da kayan da ya ɗauko, duk a nan ake cinye su. Wannan shi ne dalilin da ya sa LC3-II ke taruwa idan katefsin suka tsaya.

Abin da ya fi burge ni a wannan fage shi ne yawan matakan tsaron da ƙwaya ta ɗauka don kada waɗannan enzayim su cinye ta. Ana ƙera kowane katefsin da wani yanki da ke kwance a kan bakinsa ya rufe kaifin, sannan a gidan Golgi a gane alamar manos-6-fosfet da aka manna masa a kai shi laisosom. Sai ya shiga wuri mai tsami ne yankin ke sassautawa a yanke shi, wani lokaci shi da kansa, wani lokaci ɗan'uwansa ya yanke masa, don haka furotis ne ke tayar da furotis. A yisti furotines A ne ke kan gaba a wannan sarƙa, har enzayim mai narkar da kitsen tantanin dunƙulolin, Atg15, sai furotis sun yanka shi yake aiki. Tsamin kuwa wani famfo ne mai suna V-ATPase ke samar da shi, yana tura haidurojin ciki har ma'aunin pH ya sauka zuwa tsakanin 4.5 da 5, alhali ruwan ƙwaya yana wajen 7.2, kuma wannan tazara tana nufin tsamin ciki ya ninka na waje sau ɗaruruwa. Yawancin katefsin suna raunana idan suka fita daga wannan tsami, waɗanda suka jure kuma akwai furotin masu suna sistatin da ke jiran su a waje su kama su. Fuskar ciki ta tantanin laisosom ita ma a lulluɓe take da sukari mai kauri na furotin LAMP, wanda ke hana enzayim ɗin kai wa gare ta. Duk da haka, idan tantanin ya yage sosai, katefsin B da D da L suna malalowa su yanka wani furotin mai suna Bid, shi kuma ya huda maitokondiriya, ƙwayar ta mutu.

Cututtuka sun nuna abin da ke faruwa idan wannan mataki ya gaza. Ɓerayen da ba su da katefsin D ana haifar su lafiya, amma suna mutuwa wajen kwana 26, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu cike da jakunkunan da ba a narkar ba. A cikin mutane, rashin wannan enzayim yana haifar da cutar CLN10, wadda a mafi tsananinta jariri ke zuwa duniya da ƙaramar ƙwaƙwalwa da farfaɗiya, kuma an ga irinta a cikin tumaki a ƙasar Suwidin, abin da ya kamata abokan aikinmu na tsangayar likitancin dabbobi su riƙe. Ɓerayen da suka rasa B ko L shi kaɗai suna rayuwa, amma waɗanda suka rasa duka biyun ƙwaƙwalwarsu tana shanyewa su mutu cikin makonni. Ƙwayoyin jijiya ne suka fi shan wahala saboda ba sa rabuwa, ba su da damar raba sharar tsakanin 'ya'ya biyu ta ragu. Kumburin fankiriyas ya zo da wani salo dabam: idan otofaji ya cije a ƙwayoyin da ke ƙera enzayim ɗin narkar da abinci, katefsin B yana haɗuwa da tirifsinojin, wato ɗanyen enzayim ɗin narkar da abinci, a cikin jakunkunan ya mayar da shi tirifsin mai aiki tun bai isa hanji ba, katefsin L da ya kamata ya rushe shi kuma bai wadatar ba, sai gaɓar ta fara narkar da kanta. A dukan waɗannan cututtuka, wanda ya auna LC3-II zai same shi a sama.

Katefsin suna kuma aika sako baya. Amino asid ɗin da suka saki su ne wata haɗakar furotin mai suna mTORC1, wadda ke zaune a bayan tantanin laisosom, take ji. Idan amino asid sun yi ƙaranci sai ta yi sanyi, otofaji ya tashi, kuma furotin TFEB ya shiga cibiyar ƙwaya ya kunna ƙwayoyin gadon katefsin da na V-ATPase da na wasu ATG a lokaci guda. Idan narkarwa ta yi nasara amino asid suka dawo, mTORC1 ta farfaɗo ta sassauta otofaji, a sake tsiro da sababbin laisosom daga jikin tsofaffin jakunkunan. Saboda haka idan katefsin suka tsaya, ƙwayar tana ci gaba da jin yunwa tana ƙara naɗe kaya, tari a kan tari. Muhimmancin waɗannan amino asid ya fito fili a 2004, lokacin da aka nuna cewa jariran ɓeraye marasa ATG5 suna mutuwa cikin kwana guda da haihuwa da ƙarancin amino asid a jininsu, a tazarar da ke tsakanin yanke cibiya da samun nono sosai.

Tunda maganar yunwa ta taso, na san za a tare ki da tambayar azumi, musamman idan Ramadan ya ƙarato saƙonni suka fara yawo a wayoyi cewa wani Bajafane ya ci Nobel saboda ya tabbatar azumi yana kashe ciwon daji. Ohsumi a kan yisti ya yi aikinsa, kuma saboda gano injin otofaji aka karrama shi. Gaskiya ne hana ɓera abinci na awa 24 zuwa 48 yana ɗaga otofaji a hanta da tsoka, amma jikin ɓera ya fi namu saurin ƙona abinci nesa ba kusa ba, kuma auna gudun otofaji a gaɓoɓin mutum mai rai yana da matuƙar wuya saboda ba a iya toshe masa laisosom don gwaji. Duk wanda ya ce miki a awa kaza daidai otofaji ke farawa a jikin mutum, ki tambaye shi da me ya auna. Azumi ibada ce mai tsaye da ƙafafunta, ba ta buƙatar a jingina ta da binciken yisti.

Rukuni na uku su ne furotis da ke yanka injin otofajin kansa. Kalfen, wanda kalsiyam ke tayarwa, yana yanka ATG5, guntun da ya rage kuma ya bar aikinsa ya koma maitokondiriya yana taimaka wa mutuwar ƙwaya. Kasfes, waɗanda su ne masu zartar da tsararriyar mutuwar ƙwaya, suna yi wa Beclin 1, wani furotin na injin otofaji, haka nan, kuma suna yanka ATG3 da ATG4D. A 2007 aka gano cewa wani ɗan sauyi a ATG16L1, inda alanin ya maye gurbin tiriyonin na 300, yana ƙara haɗarin cutar Crohn mai kumbura hanji, sai a 2014 aka gano cewa sauyin yana sa kasfes-3 ya fi samun sauƙin yanka furotin ɗin, ƙwayoyin hanji su kasa share ƙwayoyin cutar da suka shige su. Misalin da na fi so a koyar da shi kuwa shi ne na PINK1. Lafiyayyar maitokondiriya tana jawo wannan furotin ciki, wani furotis mai suna PARL ya yanke shi, a fitar da guntun a rushe, don haka ba ya taruwa. Idan maitokondiriya ta lalace ta rasa cajin tantaninta, ba ta iya jawo shi ya kai ga PARL, sai ya taru a bayanta ya kira wani furotin mai suna Parkin, a manna mata alamar da otofaji ke ganewa. A nan rashin yanka ne ya zama saƙo, kuma lalacewar PINK1 ko Parkin tana haddasa cutar Parkinson mai kama mutum tun da ƙuruciya.

Ƙwayoyin cuta ma sun gano wannan rauni. Bakteriyar Legionella tana fitar da furotis mai suna RavZ wanda ke yanke LC3 daga kitse kamar ATG4, amma yana tafiya da gilaisin ɗin, saboda haka LC3 ɗin ba ya sake ɗauruwa har abada. Wasu ƙwayoyin bairos dangin na shan-inna suna yanka p62 da SNAP29, wanda ke taimaka wa jaka ta haɗe da laisosom, su bar jakunkuna suna taruwa don amfanin kansu. A ganina, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun fi kowa dalilin kula da wannan ɓangare, ganin daɗewar da aka yi ana binciken sammore a Zariya da Kaduna. Ƙwayar sammore tana sabunta kayan cikinta ta hanyar otofaji lokacin da take sauya siffa tsakanin jinin dabba da cikin ƙudan tsando, kuma tana da nata furotis mai kama da katefsin L. A 'yar'uwarta Leishmania an nuna cewa idan aka cire furotis biyu na laisosom, CPA da CPB, otofaji yana cijewa kuma sauya siffar ya gagara. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ita ma tana narkar da himogulobin a wata jaka mai tsami da furotis ɗinta, falsifen da filasmefsin. Kulorokwin, wanda Nijeriya ta daina dogara da shi a matsayin maganin farko na zazzaɓin a 2005 saboda ƙwayar ta bijire masa, taruwa yake yi a wurare masu tsami, kuma wannan hali ne ya sa a ɗakin gwaji muke amfani da shi mu toshe otofaji, inda yake rage tsamin laisosom kuma yake hana jaka haɗewa da shi.

Ga gwajin da zai raba gardamarku. Ki shirya kwanuka huɗu: ɗaya ba a zuba masa komai ba, ɗaya da ruwan tsironki, ɗaya da sinadarin da ke toshe laisosom shi kaɗai, na huɗu da tsiron da sinadarin tare. Bafilomaisin A1, wanda ke tsayar da famfon V-ATPase, ya fi tsafta, kuma akan zuba nanomola 100 na awa biyu zuwa huɗu na ƙarshe. Idan tsadarsa ko wahalar shigo da shi ta hana, kulorokwin wajen maikuromola 50 zai yi, ko haɗin E64d da fefstatin A, wanda na farkonsu ke kama katefsin masu sistein, na biyun kuma masu asfatik asid. Idan LC3-II na kwano na huɗu ya zarce na kwano na uku a fili, tsironki yana ƙara yawan jakunkunan da ake ginawa, kuma abin da kika rubuta ya tsaya. Idan kuwa su biyun sun yi kunnen doki, tsiron bai ƙara komai a kan toshewar ba, wato shi kansa mai toshewa ne. Ki gwada LC3-II da aktin, furotin ɗin da ake amfani da shi a matsayin ma'aunin kwatanci, kada ki raba shi da LC3-I, domin LC3-I ya fi saurin lalacewa, musamman idan samfur ya narke ya sake daskarewa saboda ɗaukewar wuta, kuma ba daidai suke kama sinadarin ganowa ba. Kada kuma ki ruɗe da ganin LC3-II a ƙasan LC3-I a kan jel ɗin da ake raba furotin bisa nauyinsu, duk da ya fi shi nauyi, kitsen da ke jikinsa ne ke sa shi saurin gudu.

Ki haɗa da p62, wanda ke raguwa idan narkarwa tana tafiya kuma yake taruwa idan ta tsaya, sai dai wasu sinadarai suna ƙara ƙera shi, don haka shi ma ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai. Sannan ki duba katefsin D kai tsaye. A ma'aunin nauyin furotin, ɗanyensa yana fitowa a wajen kilodalton 52, na tsaka-tsaki a 48, nunannen kuwa babban sashensa a 34, kuma idan ɗanye ya yawaita nunanne ya ragu, tsamin laisosom ko hanyar kai kaya gare shi ta samu matsala.

Ina da dalilin zargin ɓawon naki tun kafin ki yi gwajin. Ɓawon itatuwa da yawa yana ɗauke da alkaloyid, waɗanda galibinsu suna da halin kulorokwin na shiga wuri mai tsami su maƙale su rage tsamin, kuma kwinin kansa daga ɓawon bishiyar sinkona aka fara samo shi. Yana kuma ɗauke da tanin, sinadarin da ya sa majema ke jiƙa fata da bagaruwa, wanda ke kama furotin ya hana enzayim aiki, ga kuma furotin masu danne furotis da tsirrai ke ƙerawa don kare kansu daga ƙwari, irin waɗanda ke cikin ɗanyen wake. Idan sakamako ya nuna toshewa, kada ki ɗauka aikinki ya lalace. Ana gwada haidurokzikulorokwin tare da magungunan ciwon daji daidai saboda wannan hali, ganin wasu ƙwayoyin daji suna dogara da otofaji su jure yunwa da magani, kuma ana neman sinadaran da suka fi shi ƙarfi. A wannan hali matakinki na gaba shi ne ki raba ruwan tsiron zuwa kashin alkaloyid da kashin tanin, ki maimaita kwanukan nan huɗu da kowanne, sannan ki auna ƙarfin katefsin B da L a cikin kwalba ba tare da ƙwaya ba, don ki san ko enzayim ɗin ake kamawa kai tsaye ko tsamin da suke aiki a cikinsa ake ragewa.